Wa ya tambayi sunan direban?

Mahaifina direba ne. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana tuƙa manyan ma'aikata, wannan ya tafi wancan ya zo, shi yana nan da motarsa. Tun kafin kiran assalatu yake fita da bokiti da tsumma, ya wanke ta, ya goge gilashi, ya duba mai da ruwa, sannan ya yi alwala. Da rana in ka bi ta bakin ofis za ka same shi a inuwar darbejiya, ƙaramin tawul a kafaɗa, rediyo manne da kunne, yana jiran mutumin da bai san lokacin fitowarsa ba. Da wuya albashinsa ya kai mu ƙarshen wata ba tare da an ci bashi a kanti ba. Na faɗi wannan tun farko don mai karatu ya san da wane ido nake kallon finafinan da zan yi magana a kansu.

Kwanakin baya ƙanena, wanda yake jami'a kuma jininsa ke tafasa kan halin da talaka yake ciki, ya shigo ɗakina da kwamfutarsa a hammata. "Yaya, sai ka ga wannan," in ji shi. "Mutanen nan ba surutu suka tsaya yi ba." Fim ɗin Jamus ne na 2008, Der Baader Meinhof Komplex, wanda Uli Edel ya ba da umarni, aka ɗauko shi daga littafin ɗan jarida Stefan Aust. Labarin ƙungiyar RAF ne, 'yan gurguzu masu tsattsauran ra'ayi da suka ɗauki bindiga a Jamus ta Yamma daga 1970, ba su sanar da rushe kansu ba sai 1998, bayan sun kashe mutum sama da 30.

Farkon fim ɗin ya yi adalci, ba zan ɓoye ba. Ya nuna ranar 2 ga Yuni 1967, da Sarkin Iran ya ziyarci Berlin ta Yamma, magoya bayansa suka far wa ɗalibai masu zanga-zanga da sanduna, 'yan sanda suna kallo, daga baya su ma suka shiga dukan. A ranar ne wani ɗan sanda ya harbe Benno Ohnesorg, ɗalibi mai shekara 26 da ya bar matarsa da juna biyu, kuma kotu ta wanke wanda ya harbe shi. A Afrilun 1968 aka harbi jagoran ɗalibai Rudi Dutschke a kan titi. Amurka na ruwan bama-bamai a Biyetnam. Shugaban gwamnatin ƙasar na lokacin, Kurt Georg Kiesinger, tsohon ɗan jam'iyyar Nazi ne, kuma irinsa suna da yawa a kotuna da ma'aikatu da kamfanoni. Yaron da ya tashi a cikin wannan, ya dubi iyayensa ya tambaye su inda suke lokacin Hitler suka yi shiru, ba mahaukaci ba ne don ya fusata. Ruwa ba ya tsami banza.

Amma daga nan sai kyamara ta zaɓi wanda za ta bi. Ta bi Andreas Baader da rigarsa ta fata, yana sheƙa gudu a motar sata cikin dare, kiɗa na tashi, ana harbin allunan gefen hanya ana shewa. Ta bi Gudrun Ensslin, 'yar limamin coci, kyakkyawa mai kaifin harshe. Ta bi Ulrike Meinhof, fitacciyar 'yar jarida da ta tsallake taga ranar da aka kuɓutar da Baader a Mayun 1970, ta bar aikinta da tagwayen 'ya'yanta. Awa biyu da rabi muna tare da su. Mun san yadda suke soyayya, yadda suke faɗa da juna, yadda kurkukun Stammheim ya ci su. Da Meinhof ta fara zaucewa a ɗakin kaɗaici sai da na ji tausayinta, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Sai aka zo 5 ga Satumba 1977, birnin Kolon. Ana dawo da Hanns Martin Schleyer, shugaban ƙungiyar masu masana'antu, gida daga ofis. Aka tare hanya. Direbansa ya taka birki, motar 'yan sandan da ke biye ta daki tasu ta baya. Aka zaro bindigogi daga keken jariri. Harsashi sama da ɗari aka harba a wurin. Fim ɗin ya nuna wannan da ƙara da jini, jikkuna na karkarwa, gilashi na tarwatsewa. Ƙanena ya ce, "Kai!" Ni kuwa idona na kan mutumin da ke bayan sitiyari.

Sunansa Heinz Marcisz. Shekararsa 41, kuma ko wuƙa ba ya ɗauke da ita. 'Yan sandan uku da aka kashe tare da shi su ne Reinhold Brändle da Helmut Ulmer da Roland Pieler, ƙaraminsu shekararsa 20. Wanda ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe zai tashi da sunan Baader da na Meinhof a bakinsa, ba zai tashi da ko ɗaya daga waɗannan huɗun ba.

Masu fim ɗin sun ce ba yabo suka nufa ba, so suke su nuna ta'asar yadda take. Na yarda da niyyarsu. Matsalar ita ce fim yana da nasa hukuncin da ya fi ƙarfin niyyar darakta, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san shi. Yaro ɗan shekara goma, ko ba ya jin yaren da ake yi, cikin minti biyar zai gaya maka waye akta waye bos. Ba da ɗabi'a yake ganewa ba. Akta shi ne wanda kyamara ta fi daɗewa a fuskarsa, wanda ake sa wa kiɗa in ya shigo, wanda in an harbe shi ake jan lokaci kafin ya faɗi. Sauran kuwa, waɗanda muke kira yaran bos, faɗuwa kawai suke yi kamar ganye, ba wanda ke tambayar ko suna da uwa. Zuciyar mai kallo da mintoci take auna mutum. Ka ba mai harbi minti ɗari da hamsin, ka ba wanda aka harba ƙiftawar ido, to ka riga ka yanke hukunci, ko da kowace kalma a fim ɗin gaskiya ce.

Wata mata ta ga haka tun kafin ni. Ignes Ponto matar Jürgen Ponto ce, shugaban bankin Dresdner, wanda aka kashe a gidansa a Yulin 1977. Wadda ta sa aka buɗe wa makasan ƙofa, Susanne Albrecht, 'yar amininsa ce, ta zo da furanni a hannu kamar mai ziyara. Matar tana cikin gidan aka harbe mijinta. Da fim ɗin ya fito ta mayar wa gwamnatin Jamus lambar girmamawar da aka taɓa ba ta, ta kuma kai ƙara kan yadda aka nuna mutuwarsa, ba ta yi nasara ba. Gaskiya ne ba duk iyalan mamatan ne suka ji haka ba. Ɗan Schleyer ya yaba wa fim ɗin, yana ganin ya nuna 'yan ƙungiyar a matsayin makasa marasa imani. Amma ka lura, ko a wannan jayayyar, muryoyin da duniya ta ji na iyalan manya ne. Mai banki yana da matar da jarida za ta saurara, mai masana'anta yana da ɗan da za a yi hira da shi. Direba fa?

Kada a ɗauka ina neman irin finafinan da ke mayar da ɗan gwagwarmaya dodo. Waɗannan sun fi ɓata mini rai. Da yawanmu mun kalli Die Hard na 1988 a kaset. Bos ɗin Bajamushe ne da ya taɓa zama a wata ƙungiyar tsageru, ya kame bene yana karanto sunayen fursunonin siyasa da yake so a saka, ashe duk yaudara ce, kuɗin da ke cikin ma'ajiya yake so. Saƙon a fili yake: duk mai kiran juyin juya hali ɓarawo ne da ya ari bakin talaka, don haka ba sai ka saurari kokensa ba. Wannan hanya ce mai sauƙi ta rufe magana, kuma ƙarya ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Schleyer tsohon jami'in SS ne, rundunar musamman ta 'yan Nazi a zamanin Hitler. A Italiya, bam ɗin da ya kashe mutum 17 a wani banki a dandalin Fontana na Milan a Disambar 1969 'yan Fasist ne suka dasa shi, amma 'yan hagu aka fara kamawa, ɗayansu ma'aikacin jirgin ƙasa Giuseppe Pinelli ya faɗo daga tagar ofishin 'yan sanda ya mutu. Bam ɗin tashar jirgin ƙasa ta Bologna a Agustan 1980, da ya ci rai 85, shi ma aikin 'yan Fasist ne. Fim ɗin da zai ba da labarin waɗannan shekaru ya goge wannan ɓangaren, ya nuna gwamnati fara tas, farfaganda ce kawai. Shi ya sa nake girmama abin da Volker Schlöndorff da Margarethe von Trotta suka yi a 1975 da labarin Katharina Blum, 'yar aikin gida da ta kwana da wani da ake nema, 'yan sanda da jaridar ƙwaƙwaf suka taru suka yaga mutuncinta. A lokacin da kowa ke tsoron a ce masa mai tausayin 'yan ta'adda, suka nuna cewa farautar ma tana cin mutane.

To amma duba ka gani, fim mai yabo da fim mai tsinuwa abu ɗaya ya haɗa su: dukkansu mai bindiga suke kallo. Ɗaya ya sa masa rawani, ɗaya ya sa masa ƙaho. Wanda ke kwance a kan kwalta babu mai waiwayarsa.

Italiya ta fi nuna wannan. Ranar 16 ga Maris 1978 ƙungiyar Brigate Rosse, ta 'yan gurguzu masu ɗauke da makamai, ta tare motar tsohon firaminista Aldo Moro a titin Fani na birnin Rum, ta kashe masu tsaronsa biyar, ta tafi da shi. Kwana 55 yana hannunsu, sai 9 ga Mayu aka tsinci gawarsa a bayan wata jar mota ƙirar Renault 4. Marco Bellocchio ya yi fim a kan haka a 2003, Buongiorno, notte, kuma fim ne mai kyau ƙwarai, ba na musu. Kusan dukkansa a cikin gidan da aka ɓoye Moro yake, ta idon wata budurwa 'yar ƙungiyar da ke dafa abinci tana leƙen dattijon ta ramin ƙofa, zuciyarta na karaya a hankali. A ƙarshe har an nuna mana mafarkinta, Moro ya fito yana tafiya a titi da sassafe, ba mai tsare shi. Na kalli wurin nan sau uku. Amma mutum biyar ɗin da aka bi ta kan gawarsu kafin a kai ga Moro, a labaran talabijin kawai suka gifta. Direbansa Domenico Ricci ya yi shekaru yana tuƙa shi. Francesco Zizzi kuwa ranar ce ta farko da aka sa shi a ayarin. Yawancinsu 'ya'yan ƙananan garuruwa ne da suka shiga aikin ɗamara don neman abin sawa a baka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: su aka kashe da farko, wasu ne tarihi da silima suka ɗauka.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da sunan talaka aka yi wannan duka. Pier Paolo Pasolini, wanda shi kansa ɗan gurguzu ne kuma mai shirya fim, ya hango haka tun 1968. Bayan wata arangama tsakanin ɗalibai da 'yan sanda a Rum, ya rubuta cewa shi yana tare da 'yan sandan, don su ne 'ya'yan matalauta, ɗaliban kuwa 'ya'yan masu hali ne. Ya sha zagi a kan haka. Shekara goma sha ɗaya bayan nan, a Janairun 1979, Brigate Rosse ta harbe Guido Rossa a cikin motarsa da asuba zai tafi aiki. Ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne a Genoa, ɗan ƙungiyar ƙwadago, ɗan jam'iyyar Kwaminis, laifinsa shi ne ya kai rahoton wani da ke raba takardun ƙungiyar a masana'anta, ya kuma tsaya a kotu ya ba da shaida. A Jamus ma, a Agustan 1985, wata 'yar RAF ta yaudari wani ƙaramin sojan Amurka mai shekara 20, Edward Pimental, daga wata mashaya a Wiesbaden, aka harbe shi a daji don kawai a ɗauki katin shaidarsa a shiga sansanin soja da motar bam. Katin shaida. Wannan shi ne ainihin fuskar abin in an cire kiɗa, kuma ita ce fuskar da silima ta fi gudu, don ba ta da ƙawa.

Ana iya yin fim ɗin da bai gudu ba, an kuma yi. Akwai wani ɗan ƙaramin fim na Italiya na 1995, La seconda volta, na Mimmo Calopresti. Wani malamin jami'a a Turin yana yawo da harsashi a cikin kansa, wanda aka harbe shi da shi shekaru da suka wuce. Wata rana ya hangi matar da ta harbe shi, an fara barinta fita aiki da rana ta koma kurkuku da dare. Ya bi ta, ya yi mata magana. Ba ta gane shi ba. Ta ɗauka wani ne mai neman ta. Shi kullum da ita yake kwana yake tashi, ita kuwa ko fuskarsa ba ta riƙe ba, don lokacin da ta harbe shi ba mutum ta gani ba, muƙami ta gani. Ba fashewar bam, ba tseren mota, amma ban taɓa ganin fim ɗin da ya fallasa wannan tunani kamarsa ba.

Tun kafin shi akwai fim ɗin yaƙin birnin Aljiyas na Gillo Pontecorvo, na 1966. Kowa ya san ɓangaren da Pontecorvo yake: yana tare da masu neman 'yancin Aljeriya daga Faransa. Ɗaya daga jagororin ƙungiyarsu ta FLN na gaske, Saadi Yacef, yana cikin waɗanda suka shirya fim ɗin, ya kuma fito a ciki. An nuna azabtarwar sojan Faransa ba ɓoye-ɓoye, shi ya sa aka yi shekaru ba a haska shi a Faransa ba. Amma da aka zo inda mata uku suka sauya shiga suka kai bam unguwar Turawa, kyamara ba ta yi sauri ba. Ta tsaya a kan fuskoki ɗaya bayan ɗaya: samari da 'yan mata na rawa, wani na kurɓar abin sha, ƙaramin yaro na lasar askirim. Matar da ta ajiye jakar ma sai da ta dube su. Da ake zaro gawarwaki daga ɓaraguzai, kiɗan makokin da aka sa shi ne dai wanda aka sa lokacin da ake zaro gawar Larabawa a unguwarsu ta Kasba. A harin gaske na 30 ga Satumba 1956, wata yarinya 'yar shekara biyar da kakarta ta kai shan askirim ta rasa ƙafa, ta rasa kakar. Pontecorvo bai janye goyon bayansa ga 'yancin Aljeriya ba, amma ya ƙi barin mai kallo ya yi murna a arha. Ya ce maka ga abin da aka biya, ka dube shi.

Wani bambanci kuma da finafinai ke yawan shafewa: a Aljeriya al'umma ce guda a ƙarƙashin mulkin mallaka na shekara 132, ba ƙuri'a mai daraja, ba kotun da za ta saurare su. RAF da Brigate Rosse sun ari harshen Aljeriya da Biyetnam suka yafa a ƙasashen da ake zaɓe, ake yajin aiki, jam'iyyar Kwaminis ta Italiya ma ta ci fiye da kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u a 1976. 'Yan tsiraru ne suka naɗa kansu wakilan ma'aikata ba tare da ma'aikatan sun aike su ba. A allo kuwa duk kama ɗaya suke yi: matashi, bindiga, tuta, waƙa. Ƙanena bai ga bambancin ba, kuma ban ga laifinsa ba, don fim ɗin bai nuna masa ba.

Wanda ya fi kowa rashin tausayin 'yan ɓangarensa shi ne Koji Wakamatsu na Japan. Shi ɗan hagu ne na gaske, har ya taɓa zuwa Gabas ta Tsakiya ya yi fim tare da mayaƙan Falasɗinawa a 1971. A 2007 ya yi fim na sama da awa uku kan haɗaɗɗiyar rundunar 'yan gurguzun Japan da ta shige duwatsu a hunturun 1971 zuwa 1972. Kafin su gwabza da 'yan sanda sai da suka kashe mutum 12 daga cikinsu, da sunan gyaran aƙida: a ɗaure mutum a waje cikin ƙanƙara, a yi ta dukansa har sai ya "gane kuskurensa". Wata an tuhume ta da son kwalliya, aka sa ta yi ta naushin fuskarta da hannunta. Wata tana da cikin wata takwas. Wakamatsu ya zaunar da mai kallo a cikin wannan bukka har numfashi ya yi wuya, kuma kowane mamaci sai ya rubuta sunansa da shekarunsa a allo. Ba na jin akwai matashin da zai gama kallon wannan ya ce an burge shi.

Mu a nan, ta Indiya wannan labari ya fi iso mana, ko da ba mu san sunansa ba. Jarumin da ke shiga daji da jan ƙyalle a wuya don ya rama wa manoma zaluncin mai gona da ɗan sanda, sau da yawa ɗan Naksal ne, wato 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao da suka samo suna daga ƙauyen Naxalbari inda aka yi bore a 1967. In an fassara mana fim ɗin da Hausa, siyasar takan zube a hanya, a bar mu da akta mai dukan mutum hamsin. Amma a Indiyar ma akwai masu yin abin da nake nema. Govind Nihalani a 1998 ya yi fim kan wata uwa da aka kira ɗakin ajiye gawa ta zo ta duba gawa mai lamba 1084, ashe ɗanta ne. Nan gwamnati ce ta mayar da mutum lamba, uwar ta bi sawu tana dawo masa da sunansa. Fim ɗin Newton na 2017 kuwa ya kai mu dajin Chhattisgarh ranar zaɓe, ya tsaya a kan mutanen ƙauye da ke tsakanin 'yan tawaye da jami'an tsaro, kowane ɓangare na cewa don su yake yi, babu wanda ya tambaye su.

Kada kuma mu ce abin na nesa ne. A Arewacin Najeriya gwagwarmayar talakawa ta NEPU, tun daga 1950, da bulala da ɗauri da tara aka biya ta. Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba ba su dasa wa kowa bam ba. A Nijar labarin ya sha bamban. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka ture ta daga mulki, aka haramta ta a 1959. A 1964 'ya'yanta suka dawo da makamai, gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen yari. A Afrilun 1965, a filin Idin babbar salla, wani ɗan Sawaba ya jefa wa Diori gurneti. Diori ya tsira. Ƙaramin yaro ne ya mutu. Ranar da wani darakta na Kano ko Maraɗi ko Damagaram zai ɗauki wannan labari, kuma ya kamata a ɗauke shi, yana da zaluncin da zai nuna na gaske, yana da jarumai na gaske da suka sha azaba. Fatana shi ne ya fara da gidan da aka yi wa yaron nan wanka da safe, aka sa masa sabbin kayan salla.

Na san abin da masu sana'ar za su ce. Labari yana bin mai aikatawa ne; direban da ke jira a inuwa ba ya yin komai da za a ɗauka. Ban yarda ba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama da direba ba. Mutum ne da ya san sirrin maigidansa ya haɗiye, ya san an tsaurara tsaro don ana farautar wanda yake ɗauka, ya san in an zo ba za a tsaya tambayar waye shi ba, amma da safe ya sake ɗaukar tsumma ya goge gilashi, saboda akwai kuɗin makaranta. Direban Schleyer ya san an kashe babban mai gabatar da ƙara Siegfried Buback a watan Afrilu tare da direbansa, ya san an kashe Ponto a watan Yuli. Duk da haka ya fito aiki. In wannan ba labari ba ne, ban san me ake kira labari ba.

Ban yi wa ƙanena dogon wa'azi ba. Fushinsa na gaskiya ne, kuma ba na so ya huce; so nake ya san inda zai kai shi. Abin da na yi kawai, da muka je gida ranar Juma'a, na ce ya buɗe wa Baba wurin nan na Kolon. Baba ya daɗe da ajiye tuƙi, idonsa ya yi rauni, sai da ya matso da fuskarsa kusa da allon. Aka tare hanya, aka taka birki, ta baya ta daki ta gaba, harbi ya tashi. Ya ce a mayar baya. Aka mayar.

"Shi ya taka birkinsa daidai," in ji Baba. "Na bayan ne ya matso da yawa. Ba a bin mota haka."

Ya yi shiru yana kallon inda aka tsayar da hoton, mutumin ya kife a kan sitiyari. Sai ya juya ga ƙanena.

"Kai da ka kalla duka, yana da 'ya'ya?"

Ƙanena ya ce, "Ba su faɗa ba, Baba."